Yadda Ake Tara Zane-zane A Zariya Don Kada Su Watse Bayan Rai

Mai hali da ke son tara zane-zane a Zariya ba sai ya nufi Legas ba. A nan ne Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Demas Nwoko da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyarsu ta masu zane a 1958, suna ɗalibai, kuma sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru bai daina yaye sababbin hannu ba. Ka fara da baje kolin 'yan ajin ƙarshe. Ka zagaya sau biyu kafin ka taya komai, kuma ka zaɓi fanni ɗaya ka riƙe: ko hawan sallah, ko gine-ginen cikin birni, ko zayyana da rubutun Larabci ga wanda ba ya son surar mai rai a gidansa. Mai sayen duk abin da ya burge shi tarkace yake tarawa.

Kada zane ya shigo gidanka babu takarda. A rubuta sunan mai shi, shekara, tsawo da faɗi, irin fentin, farashi, ya sa hannu, a ɗauki hoton gaba da baya. Bayan zanen ya fi muhimmanci fiye da yadda ake zato, domin a nan ake samun rubutun mai zanen da alamar duk gyaran da aka taɓa yi. Sannan ka sani sayen zane bai ba ka ikon buga shi a kalanda ko riga ba. Wannan haƙƙi yana hannun mai zanen sai in ya sallama a rubuce.

In za ka ɗauki nauyin wani, ka raba kuɗin aiki uku: kafin alƙalami, tsakiyar aiki, ranar karɓa. Biyan komai tun farko kan kashe hanzari, hanawa gaba ɗaya kuma kan tura yaro ga fentin bango mai araha, wanda ke ɓarewa bayan 'yan shekaru. Gara ka saya masa fenti da kyalle masu kyau da kanka. Kada ka matsa masa ya shafa man ƙyalli a kan zanen fentin mai kafin wata 6, don cikinsa bai gama bushewa ba.

Yanayin Zariya ne babban abokin gaba. Hunturu yana busar da iska har katakon firem ya tsuke, kyalle ya saki, fenti ya tsage. Watan Agusta kuma laima ta kawo fumfuna. Abin nema shi ne danshin ɗaki ya zauna tsakanin kashi 40 da 60 cikin ɗari, kuma ƙaramin ma'aunin danshi ya isa ya nuna maka. Kada ka rataya a bangon da ruwa ke duka daga waje, ko inda rana ke faɗawa, ko kusa da hayaƙin girki da na janareta. Ka liƙa ɗan guntun abin toshe kwalba a kusurwoyin ƙasa na firem don iska ta ratsa baya. Na ajiya a ɗaga su santimita 15 daga ƙasa, a tsaye, da kwali a tsakaninsu, a riƙa duba gara duk wata. Ƙura da burushi mai laushi ake kaɗe ta, ban da jiƙaƙƙen tsumma. Zanen takarda kada ya taɓa gilashi, sai an sa kwali a tsakani, in ba haka ba ya manne. In dole a naɗe kyalle, fentin ya kalli waje.

Inda aka fi yin asara shi ne ranar rabon gado. Magada ba su san darajar kayan ba, sai a raba ɗaya-ɗaya ko a zuba a sito. Wasiyya ba ta wuce sulusin dukiya, don haka wanda tarinsa ya fi haka sai ya yi kyauta ko waƙafi tun yana da lafiya, ya miƙa kayan hannu da hannu a gaban shaidu. Yemisi Shyllon, wani babban mai tara zane-zane, ya yi haka: ya ba Jami'ar Pan-Atlantic ta Legas ayyuka kusan 1,000, ya haɗa da kuɗin gini da na kulawa, aka buɗe gidan baje kolinsu a 2019. Kuɗin kulawar nan shi ne abin koyi, don makarantar da aka ba zane babu ko sisi ɗaki za ta kulle su. Ka yi wa amintattun da za su kula da tarin rajista a hukumar rajistar kamfanoni, ka ware gidan haya ko shaguna da za su riƙa biyan mai gadi da wuta da gyara, a kuma rubuta a yarjejeniya kwana nawa za a buɗe wa ɗalibai a mako, da wanda kayan za su koma hannunsa in aka saɓa.