Idan Injin Jirgi da Aka Sake Haɗawa Ya Fara Ɗigar da Mai

Ranar da na tayar da injin dizal ɗin jirginmu a bakin kogi a Yauri, bayan mun sauke shi mun sake haɗawa, ban yi minti ashirin ba na ga baƙin mai yana sheƙi a kan ruwan da ya taru a cikin jirgi. Gabana ya faɗi.

In haka ta same ka, kada ka yi saurin kwance inji. Fara duba ma'aunin mai, domin idan an cika shi ya wuce layi, dole ya nemi hanyar fita. Duba bututun numfashin inji kuma. In ya toshe, iska ce za ta tura man ta bakin sil, wato robar da ke hana mai fita.

Sannan ka wanke jikin injin tas, ya bushe, ka barbaɗa masa farar hoda, ka shimfiɗa kwali a ƙarƙashi. Tayar da shi ka zuba ido da tocila. Mai gangarowa yake yi, saboda haka bi sawunsa cikin hodar har can sama inda ya faro. A injina daga murfin sama yake fita, sabon gasket, wato shimfiɗar da ke toshe tsakanin murfi da inji, ya zauna bayan ya sha zafi, notuna suka saki.

Bari inji ya huce, ka ɗaure notunan kaɗan-kaɗan, wannan gefe sai wancan. Matsewa da ƙarfi fasa gasket take yi. In kuwa daga sil ɗin baya yake fita, sai an raba inji da giya.

Don Allah ruwan da ya gauraya da mai, kwashe shi a jarka. Kifin kogin nan muke ci.