Yadda ake gane gajerun kalmomin aro a harshen Koriya

Kada ka fara da rubutun Turanci. Bakoriye sai ya mayar da kalmar aro irin ta bakinsa tukuna, sannan ya datse ta. Saboda haka matakin farko shi ne ka furta kalmar yadda suke furta ta, ka ƙirga gaɓoɓinta.

Harshen ba ya yarda baƙaƙe biyu su haɗu a farkon gaɓa, sai a cusa wasalin eu (으) a tsakani, kamar yadda Bahaushe ya cusa u a cikin "burodi". Babu f, v da z kuma, sai p, b da j. Starbucks mai gaɓa biyu ya zama seu-ta-beok-seu, gaɓa huɗu. Facebook ya zama pe-i-seu-buk.

Daga nan ka raba kalmar gida biyu, ka ɗauki gaɓar farko ta kowane ɓangare. Seuta da beokseu su ba ka seubeok (스벅). Lura, wasalin gaɓar farkon nan babu shi sam a Turanci, amma shi ya tsira. Haka selka (셀카), hoton da mutum ya ɗauki kansa, ya fito daga selpeu kamera, dika, wato kyamarar dijital, kuma daga dijiteol kamera. Gaɓa biyu aka fi so. Masu uku irin su rimokeon (rimot) da apateu (gidan fulat) sun biyo ta Japananci ne, kada ka auna su da wannan ma'auni.

Inda masu koyo ke tuntuɓe shi ne ƙarshen gaɓa. Dokar rubuta kalmomin aro ta 1986 ta yarda da baƙaƙe bakwai kacal a wurin, kuma wasunsu na sauya sauti idan sun gamu da maƙwabci. McDonald's, wato maekdonaldeu, idan an datse shi ana rubuta shi maeknal (맥날), amma ana cewa maengnal, domin k na komawa ng a gaban n.

Alba (알바), aikin wucin gadi, ya fi su ban sha'awa. Asalinsa areubaiteu, kalmar Jamusanci da ta shigo ta Japan. An jefar da eu, r ta koma ƙarshen gaɓar farko, a can kuwa l ake furta ta.

Seubeok da maeknal na hira ne da saƙon waya. A takardar ofis, rubuta sunan cikakke.