Yadda za ka yanki lasisin kamun kifi kafin ka jefa fatsa

Sababbin shiga da na ga an ci su tara kusan duk magana ɗaya suke yi wa jami'i: "Ai ban kama komai ba." Jami'in kuwa ko leƙa bokitin ba ya yi, sandar da ke hannunka yake kallo.

Fara da gano hukumar da ke da iko da ruwan da za ka je. A Amurka kowace jiha tata dokar daban, lasisin Texas ba zai yi maka aiki a Florida ba, kuma a Florida ɗin ma na teku daban yake da na kogi da tafki. A Ingila hukumar kula da muhalli ce ke sayar da shi, kuma daga shekara 13 ake bukatarsa. A yawancin jihohin Jamus sai ka ci jarrabawa tukuna.

Sai ka nemi yadda dokar ta fassara "kamun kifi", wanda yawanci yana shafukan farko da kowa ke tsallakewa. A nan ake faɗuwa. Dokar Magnuson-Stevens ta 1976, mai kula da kamun kifi a tekun gwamnatin tarayyar Amurka, ta haɗa kamawa da yunƙurin kamawa, har da duk wani aiki da a hankalce zai iya kai wa ga kama kifi. California ma ta sa yunƙuri cikin ma'anar. Wato da zarar ƙugiya ta taɓa ruwa ka fara su, ko kifi ya ci tana ko bai ci ba. Wanda ke kama kifi ya sake shi cikin ruwa shi ma masunci ne a idon doka. Wanda ya kafa sanda a bakin gaɓa ya koma inuwa ya zauna, fatsarsa na aiki, don haka shi ma yana aiki. Na taɓa ganin wani ya cire tana ya bar ƙugiya tsirara wai gwajin jifa yake yi. Ni dai dokata ita ce, in gwaji kake so, cire ƙugiyar gaba ɗaya, ɗaura darma, ka tafi fili inda babu ruwa.

Raka yaro ma tarko ne. Yaron na iya zama bai kai shekarun lasisi ba, amma a wurare da dama idan kai ka jefa masa fatsar ko ka karɓi sandar ka jawo kifin, kai ne ke su. Tsaya a gefe da hannuwanka a aljihu, ko ka yanki naka.

Wajen saye, kada ka ruga ga na shekara in ba ka tabbatar za ka riƙa zuwa ba. A Ingila akwai na kwana 1, na kwana 8 da na wata 12, ta intanet, cikin 'yan mintoci. Kwatanta kuɗinsa da tarar da ke iya kai wa fam 2,500, za ka ga ba abin ja-in-ja ba ne. Duba kuma yawan sandunan da aka yarje maka, don na sanda biyu bai rufe ta uku ba. Koma, taru da gura kuwa dokarsu daban ce, lasisin fatsa bai shafe su ba.

Saura ƙananan abubuwa. Lasisi ba izinin shiga ruwan wani ba ne, sai ka nemi yardar mai wurin. Duba lokacin hani: a kogunan Ingila ana rufe kamun yawancin kifayen ruwan daɗi daga 15 ga Maris zuwa 15 ga Yuni saboda zubin ƙwai. San girman kifin da za ka iya tafiya da shi. Ka ɗauki hoton lasisin a waya tun kana gida, don bakin ruwa ba kasafai ake samun sabis ba.