Haɗa lasifikar falo da hannu: daga zaɓen ufa zuwa naɗin kwayil

Lasifikar biki da ta falo aikinsu daban ne. Ta biki ana so ta cika layi da ƙara. Ta falo kuwa ana so ta fitar da abin da aka naɗa yadda yake: muryar mai karatu ba hanci-hanci, kotso da kalangu kowanne da amonsa, goge bai soki kunne ba. Abu uku ke kawo wannan: girman cikin akwati ya dace da ufar da aka saka (babbar lasifikar da ke fitar da sauti mai kauri, wato bes), akwatin ya zama mai ƙarfi marar yoyon iska, sannan kurosoba, wato allon da ke raba sauti tsakanin ufa da tuwita (ƙaramar lasifikar siririn sauti), ya zama an lissafa shi. Lambar wat ɗin da aka buga a kwali ba ta cikin ukun nan. Idan ka ga an rubuta 3000W PMPO a kan abin da bai fi tafin hannu ba, talla ce kawai.

Ga mai farawa a nan Sakkwato, shawararmu ita ce rufaffen akwati mai lasifika biyu: ufa ta inci 6.5 da tuwita mai ƙoƙo ta inci 1, dukansu om 8 (om shi ne ma'aunin turjiyar wuta). Akwati mai bututun iska yana ba da bes mai zurfi, amma kuskuren santimita kaɗan a tsawon bututun sai ya mayar da bes ɗin gurnani a kan amo ɗaya. Rufaffe yana yafe kuskure, kuma ƙurar hunturu da ƙadangare da zanzaro ba su da ƙofar shiga.

Zaɓen ufa da tuwita

Galibin kayan nan daga kasuwar Alaba ta Legas ko daga Kano suke zuwa, kuma lakabin da ke bayansu ba kullum yake faɗin gaskiya ba. Je da mitar auna wuta da ƙaramin batir na bolt 1.5. Ufar om 8 mai lafiya za ta nuna tsakanin 5.5 da 7 a mita; idan ta nuna 3 da ɗoriya, ta om 4 ce, ko me aka rubuta. Ɗora yatsu huɗu kewaye da tsakiyar takardar ufar, wato fuskarta mai motsi, ka danna a hankali. In ka ji ƙarar gogayya, kwayil ɗin ciki, wato naɗin waya, ya ƙone ko ya karkace, ajiye ta. Taɓa batirin a bakin wayoyinta: ƙafar da ke kan + lokacin da takardar ta turo waje ita ce + ta gaskiya, sa mata alama. Kada ka yi wa tuwita gwajin batir.

Duba zoben da ya kewaye takardar. Na roba ya fi na soso nesa ba kusa ba a garin da zafin Afrilu ke wuce digiri 40, domin soso na ruɓewa ya marmashe cikin 'yan shekaru. Tsofaffin lasifikun 'yan kwatano sau da yawa suna ɗauke da ufa mai kyau a cikin akwatin da ya mutu, amma zobensu ne farkon abin dubawa. Lasifikar mota kuma a bar wa mota: om 4 ce, an ƙera ta ne don ƙofa, a ƙaramin akwati sai ta yi ta kumbura bes. Haka tuwitar nan mai arha mai bakin ƙaho wadda ba ta da maganaɗisu, tsiwarta ba ta gyaruwa.

Lissafin girman akwati

Tun 1961 injiniyan Ostareliya Neville Thiele ya fitar da hanyar lissafa akwati daga halayen lasifika, Richard Small ya faɗaɗa ta a farkon shekarun 1970. Lambobi uku kake buƙata: Fs, amon da takardar ke kaɗawa da kanta (ana auna shi da Hz, wato yawan kaɗawa a daƙiƙa), Vas, laushin zobenta da aka auna da lita, da Qts, yadda maganaɗisu ke riƙe ta. Qts tsakanin 0.4 da 0.6 ya dace da rufaffen akwati. Ƙasa da 0.4 ya fi son bututu.

Abin da ake nema shi ne akwatin ya kai jimillar riƙon zuwa 0.707, inda bes ke sauka sumul ba tudu. Raba 0.707 da Qts, ninka amsar da kanta, cire 1, sannan raba Vas da abin da ya rage. Misali ufa mai Fs 45, Qts 0.45, Vas lita 22: 0.707 ÷ 0.45 ya ba da 1.57, ninki da kansa 2.47, cire 1 saura 1.47, 22 ÷ 1.47 ya ba da lita 15. Bes zai fara raguwa wajen Hz 71, wato 45 × 1.57. Ƙara lita ɗaya da rabi saboda gurbin da maganaɗisu da tokara da kurosoba za su ci, ya zama 16.5.

Ufar da ta zo ba takardar bayanin lambobin nan fa? Manhajar REW kyauta ce, kuma da kwamfuta da rasista ɗaya (ƙaramin abin rage wuta) za ta auna maka Fs da Qts; Vas kuwa sai an sake awo bayan an liƙa wa takardar ɗan nauyi sananne. WinISD kuma ta zana maka yadda akwatin zai amsa. Wanda ba shi da hali ya yi akwatin lita 15 zuwa 18. In bes ya zo siriri, a rage cikin da gutsattsarin katako har ya cika. Rage girma abu ne mai sauƙi, ƙarawa kuwa sai sabon akwati.

Katako da yanka

MDF, wato falankin garin katako da aka matse, mai kaurin milimita 18 ya fi sauƙin samu kuma ba ya amsa amo, sai dai ruwan goge tayil ma kan kumbura gindinsa. Filawud mai kyau na milimita 18 ya fi jure damina da ɗauka, matuƙar ba mai ramuka a ciki ba ne. Duba gefen falankin kafin ka biya. Tsagin katako ɗanye kada ma a fara, iskar hunturu za ta tsaga shi a bakin gam. Rabin falanki, santimita 122 sau 122, ya ishi akwati biyu.

Cikin akwatin zai zama faɗi 18, tsawo 36, zurfi 25.5. An bambanta ma'aunan da gangan, domin akwati mai gefuna daidai-wa-daida yana tara amo a wuri ɗaya. Ga abin da za ka ba kafinta, na akwati biyu, da santimita:

- gaba da baya: guda 4, 21.6 × 39.6
- gefe: guda 4, 25.5 × 39.6
- sama da ƙasa: guda 4, 18 × 25.5
- tokara: guda 2, 18 × 5

Sama da ƙasa suna shiga tsakanin gefuna, gaba da baya su rufe duka. Roƙi kafinta ya yanka duk masu faɗi ɗaya a saiti ɗaya na injin, kada ya motsa ma'auni a tsakani. Milimita 1 na bambanci ya isa ya bar kafar iska. Tsakiyar tuwita ta zauna santimita 8 daga sama, ta ufa wajen 22.5, wato kusa da juna iyakar yadda bakunansu suka bari. Girman rami kuwa a auna shi daga jikin lasifikar da ke hannunka, ba daga abin da wani ya faɗa ba.

Farin gam na kafintoci shi ne ke riƙe akwatin, sukuru taimako ne kawai kafin ya bushe. Huda ramin milimita 3 kafin ka ɗaura sukuru a gefen MDF, in ba haka ba zai dare. A zafin bazara gam na yin fata cikin mintuna kaɗan, don haka a yi haɗin da sassafe a inuwa, gefe ɗaya bayan ɗaya. Wanda ba shi da abin matsewa ya yanka tsohon tif na babur ya ɗaure akwatin tamau, a bar shi kwana guda. Tokarar ta haɗa gefe da gefe a bayan ufa, ɗan sama ko ƙasa da tsakiya. Sannan a bi duk kusurwoyin ciki da gam haɗe da garin katako. Ƙwanƙwasa gefen da ɗan yatsa: in ya amsa kamar ƙwarya, ƙara tokara.

Shafa fenti ko banish ciki da waje, musamman bakin yanka inda MDF ke shan ruwa, ka sa ƙafafun roba huɗu.

Kurosoba

Nan ne yawancin lasifikun gida ke lalacewa. Abin da aka saba gani shi ne a liƙa wa tuwita kafasita ɗaya a bar ufa tana ihu har sama. Sakamakonsa murya mai kaifi da gajiyar kunne bayan rabin awa.

Tsarin da ya fi sauƙin dacewa shi ne na Linkwitz da Riley mai mataki biyu, a raba a Hz 2,500. Ƙa'ida ita ce wurin rabawar ya kai aƙalla ninki biyu na Fs ɗin tuwita. Ƙimar kafasita da µF (maikrofarad): raba 79,600 da (om × Hz). Ta kwayil da mH (milihenri): 318 × om ÷ Hz. Ga om 8 a 2,500 amsar ita ce µF 4 da mH 1. Kowane akwati na buƙatar kafasita biyu da kwayil biyu.

Ɓangaren ufa: daga + na amfilifaya waya ta bi ta cikin kwayil zuwa + na ufa, kafasita kuma ta haɗa ƙafafun ufar biyu. Ɓangaren tuwita akasin haka ne: kafasita a kan hanya, kwayil a tsakanin ƙafafu. Sai abin da mutane ke ɗauka kuskure ne: a juya wayoyin tuwita, + ya tafi −. A wannan tsarin ufa da tuwita suna saɓa wa juna da digiri 180 a wurin rabawa, in ba a juya ba sai su cinye juna, murya ta koma kamar daga bayan labule.

Kafasita mai + da − ta cikin rediyo ba ta aiki a nan. Ta fanka kuwa, baƙar nan mai kusurwa huɗu da aka rubuta wa CBB61, tana yi sosai, kuma duk shagon kayan wuta akwai ta. Haɗa ta 2.5 da ta 1.5 ƙafa da ƙafa, ka samu 4.

Kwayil naɗa shi ake yi. Sayi wayar jan ƙarfe mai rufin banish ta milimita 1 wurin masu naɗin fanka da injin ruwa, mita 25 ga kowane kwayil. Yanka bututun wayarin na milimita 25, tsawon santimita 2, ka liƙa masa faifan filawud mai faɗin santimita 6 a kowane gefe. Naɗi 200 a jere a matse, kimanin 18 a kowane layi, zai ba ka kusan mH 1, mita kuma ta nuna wajen rabin om. Ɗiga gam bayan kowane layi biyu don kada ya yi zuza. Kada a ɗaure shi da sukurun ƙarfe ta tsakiya, ƙarfe na canza ƙimarsa; igiyar roba ta isa. Kwayil biyun su yi nesa da juna, ɗaya a kwance ɗaya a tsaye, don kada su riƙa zuba wa juna sauti. Kankare banish ɗin bakin wayar sosai kafin ka sa dalma.

Gyara biyu suka rage, kuma su ne ke bambanta aikin gwani. Na farko, om ɗin ufa yana hawa yayin da amo ke hawa, sai kurosoba ya kasa yanke ta. Maganinsa rasista om 7.5 ko 8.2 mai wat 10 a jere da kafasita µF 10, a haɗa su tsakanin ƙafafun ufar. Na biyu, tuwita kusan kullum ta fi ufa ƙara. Rasista om 3.3 a kan hanya bayan kurosoba, da om 15 tsakanin ƙafafun tuwita, za su sauke ta da kimanin dB 4 (dB shi ne ma'aunin ƙarar sauti). In har yanzu harafin "s" na yanka kunne, koma om 3.9 da 8.2, wato dB 6.

Akwai kuma abin da faɗin akwatin ke jawowa. Ƙasa da wajen Hz 530 a fuska mai santimita 21.6, sauti na zagayawa baya maimakon ya taho gaba, sai murya ta rasa kauri. In lasifikar za ta zauna kusa da bango, bangon zai mayar da mafi yawansa. In za ta tsaya a fili, ƙara kwayil ɗin ufa zuwa mH 1.5, kimanin naɗi 235 (zai ci waya fiye da mita 25), ka ƙara sauke tuwita. Duk lambobin nan mafari ne. Bar kurosoba a waje a kan allo har kunne ya gamsu, sannan a ɗaure shi ciki.

Rufewa da gwaji

Zuba audugar filo giram 150 zuwa 200 a kowane akwati, a warwatse, kada ta taɓa bayan takardar. Sa siririn soso ko roba a ƙarƙashin bakin ufa da tuwita, ka ɗaura sukuru da hannu, ɗaya nan ɗaya can daura da shi. Sukundireba ta zame sau ɗaya, takarda ta huje, don haka tare ta da ɗayan hannun. Danna takardar a hankali ka saki: in ta dawo da ɗan jinkiri, akwatin ya rufu. In ana jin fito lokacin bes, yoyo ne, galibi ta ramin waya.

Ƙaramin allon amfilifaya mai TPA3116D2 ya ishe su. A batirin sola na bolt 12 ba zai wuce wat 9 a om 8 ba, a cajar laftof ta bolt 19 ya kai wajen 20, a bolt 24 kusan 30. Ufa mai dB 87 a wat ɗaya tana ba da 97 a wat 10, wanda ya wadaci falo. Abin da ke ƙona tuwita shi ne a murɗa ƙaramar amfilifaya har sauti ya fara tsagewa. Da ka ji haka, sauke. Gurnanin da ba ya tafiya ko an rage ƙara kuwa daga wutar Hz 50 ko caja marar kyau yake, gwada da batir ka tabbatar.

Ɗora su yadda tuwita za ta yi daidai da kunne. A gidan da ake zama a kan darduma, wannan na nufin ƙasa-ƙasa, ba saman kabad ba. Tsakaninsu mita 2 zuwa 2.5, kai ma haka daga kowacce, santimita 30 zuwa 50 daga bango, nesa da kusurwa. Falo mai tayil da siminti tsirara yana mayar da sauti da yawa, kafet a tsakiya da labule mai kauri suna rage shi. Fara gwaji da muryar mutum ɗaya, labarai ko karatu: ya kamata ka ji ta tsaye a tsakiyar lasifikun biyu. In ta watse ba ka san inda take ba, kuma bes ya ɓace, wayar akwati ɗaya a juye take. Musanya + da − nasa a bayan amfilifaya ka sake saurare.