Kurakuran da ke kashe injin turbo tun bai tsufa ba

Duk wanda ya buɗe bonet ɗin Honda Accord ta 2018 zuwa 2022 ba zai tarar da inji mai lita 2.4 ko V6 ɗin da aka saba da shi ba. Abin da zai gani ƙaramin inji ne mai lita 1.5 da turbo, wanda ke ba da ƙarfin doki 192, ko kuma mai lita 2.0 da ke ba da 252. Lexus RX 350 ta 2023 ma ta ajiye V6 ta ɗauki silinda huɗu mai lita 2.4 da turbo. Mercedes C300 ta riga su, tun 2015. Waɗannan motocin su ne ake saukewa yanzu daga Legas da Kwatano, suna shigowa hannun direbobi da kanikawan da suka koyi sana'a a kan Fijo 504 da tsohuwar Camry, motocin da ke jure kowane irin wulaƙanci. Shi ya sa ake yawan jin cewa turbo ba ta da ƙarko. A ganina yawancin injinan da suka buga tsohuwar ɗabi'a ce ta kashe su, ko da yake akwai waɗanda suka fito da aibinsu tun daga masana'anta.

Turbo dai fanka biyu ce a kan sanda guda. Hayaƙin da ke fita daga inji yana juya ɗaya, ɗayar kuma tana danna iska cikin silinda da ƙarfi, don a ƙona mai da yawa a ɗan ƙaramin wuri. Sandar tana iya yin juyi sama da 150,000 a minti ɗaya, zafin hayaƙin da ke dukanta kuma yakan haura digiri 900. Abin da ya raba wannan sanda da ƙarfen da take juyawa a ciki shi ne ɗan siririn shafen baƙin mai, ba wani abu ba.

Saboda haka kuskure mafi tsada shi ne na baƙin mai. A gareji da yawa, kowace mota ta zo juye, mai lamba 20W-50 ake zuba mata, hujjar kuwa ita ce ƙasarmu da zafi, sai mai kauri. Accord mai lita 1.5 an ƙera ta ne don 0W-20. Hanyoyin mai na cikin injinta matsattsu ne, bututun da ke kai mai ga turbo siriri ne, kuma idan aka tayar da mota da safe mai kaurin yakan ɗauki lokaci kafin ya isa inda ake buƙatarsa. Cikin waɗannan daƙiƙoƙi ƙarfe ke cin ƙarfe. Ba a ganin illar a rana ɗaya, sai bayan watanni turbo ta fara kuka, salansa ta fara fitar da shuɗin hayaƙi.

Kauri ma ba shi kaɗai ne abin dubawa ba. Ƙananan injinan turbo masu fesa mai kai tsaye cikin silinda suna da wata matsala: wani lokaci man yakan kama wuta da kansa kafin fulogi ya kunna shi, musamman idan mota na tafiya a hankali a babbar giya sai direba ya taka totur gaba ɗaya. Bugu ɗaya irin wannan yana iya tsaga fistin. Bincike ya nuna cewa sinadaran da ke cikin baƙin mai suna da hannu a ciki, shi ya sa aka fito da ma'aunin ingancin baƙin mai na API SN Plus a 2018, sannan API SP a 2020. Ka duba bayan galan ka ga ɗaya daga cikinsu. Motocin Jamus kuma suna da nasu lambobin, irin su VW 502 00 ko MB 229.5, kuma an rubuta wanda motarka ke so a littafinta. Ka sayi galan a rufe daga wurin da ka amince da shi, ka tsaya a zuba a gabanka. Man awo na bakin titi da ba a san asalinsa ba bai dace da wannan inji ba ko sau ɗaya.

Batun tazarar juye, kada a bi kilomita 15,000 ko 16,000 da ake gani a wasu littattafan mota. Littattafan kansu suna da wani jadawali na daban don yanayi mai tsanani, wato ƙura, zafi, cunkoso da gajerun tafiye-tafiye, kuma wannan shi ne rayuwar mota a Kano ko Maraɗi kullum. Shawarata a juye tsakanin kilomita 5,000 da 7,000, tare da sabon mataci. A riƙa zaro sandar awo lokaci-lokaci. Idan mai ya ragu a cika, idan kuwa ya ƙaru yana warin fetur, to fetur na zurarewa cikinsa. CR-V ta 2017 da 2018 mai lita 1.5 ta yi suna da wannan a ƙasashe masu sanyi, har Honda ta sauya manhajar injin ta kuma tsawaita garanti. Zafinmu yana rage matsalar, amma motar da iyakarta kai yara makaranta ta dawo ba ta tsira ba, don injin ba ya ɗaukar zafin da zai ƙone fetur ɗin.

Na biyu a muni shi ne abin da ake yi wa tsarin sanyaya inji. Da zarar mota ta iso sai wani ya ce an yi ta ne don ƙasar ƙanƙara, a cire tamostat, wato bawul ɗin da ke tare ruwa har inji ya yi zafi, a haɗa fanka kai tsaye, a cika lagireto da ruwan leda. Duka ukun ɓarna ne. In babu tamostat injin yakan daɗe bai kai zafin aikinsa ba, kwamfutar motar tana ta ƙara masa fetur tana zaton har yanzu da sanyi, shan mai ya ƙaru, baƙin mai ya tsinke. Ruwa zalla kuwa yana kawo tsatsa da gishiri a cikin ƙananan hanyoyin da ke ratsa turbo da kan inji, kuma yana saurin tafasa. A mayar da tamostat na asali, a wanke tsarin, a zuba ruwan sanyaya inji irin wanda kamfanin ya ambata. Idan mota tana zafi, a nemo dalilin: ko lagireto ya toshe, ko murfinsa ya saki, ko famfon ruwa na yoyo. Injin EA888 na Volkswagen da Audi, alal misali, an san shi da yoyo a gidan famfon ruwa da tamostat, wanda na roba ne. Kuma in allurar zafi ta haura, a tsaya nan take. Kan injin alminiyam ne, kilomita biyu na "bari in ƙarasa gida" sun isa su lanƙwasa shi.

Akwai ɗabi'u biyu na tuƙi da gyaransu bai cin ko sisi. Kada a tayar da mota a hau ba ta wuta a tsaye, kuma ba a buƙatar a bar ta minti goma tana ɗumi. Rabin minti ya isa, sai a tafi a hankali har allura ta hau. Idan kuma an taso da gudu daga Kaduna zuwa Zariya, kada a kashe inji da tsayawa. A ba shi minti ɗaya ko biyu, don in mai ya daina gudana alhali turbo na ja da zafi, wanda ya rage a ciki yakan ƙone ya zama gawayi ya toshe bututu. Motoci da yawa na zamani suna da ƙaramin famfon lantarki da ke ci gaba da zagaya ruwa bayan an kashe su, amma ba duka ba, kuma jira bai taɓa cutar da kowa ba.

Sai fetur. Kafin ka sayi mota ka buɗe murfin tanki ka karanta. Lambar darajar fetur ce a wurin: lamba 87 ta Amurka daidai take da kusan 91 a ma'aunin RON na sauran ƙasashe, lamba 91 kuma kusan RON 95 ce. Yawancin gidajen mai a Najeriya fetur iri ɗaya suke sayarwa, babu zaɓin mai daraja ta sama. Accord da CR-V sun yarda da 87, Mercedes da BMW kuwa 91 suke nema. Kwamfuta za ta ja da baya ta rage ƙarfi don kare injin, amma tana da iyaka, don haka mai irin wannan mota ya guji lodi mai nauyi da taka totur har ƙasa a tsakar rana. Man 'yan bumburutu kuwa sai dole ta sa. Allurorin fesa mai na waɗannan injina suna aiki da matsin da ke kai 200 ko fiye a ma'aunin bar, ɗan ruwa ko datti ya isa ya lalata su. Waɗanda suka sha gurɓataccen fetur mai sinadarin metanol da ya shigo ƙasar a Fabrairun 2022 ba su manta ba.

Lokacin hunturu matacin iska yakan cika da wuri, sai a kai wa mai faci ya hure shi da iska mai ƙarfi. Wannan yana yaga takardar, ƙura ta wuce ta riƙa gurje fikafikan turbo. A canza shi kawai. Fulogi ma a sa mai lambar da aka rubuta, ba kowane wanda ya shiga ramin ba.

Wasu injinan, kamar yadda na faɗa, da nasu laifin. EcoBoost mai lita 1.0 na Ford da PureTech mai lita 1.2 na Peugeot suna da bel ɗin taimin da ke gudana cikin baƙin mai. Idan ya tsufa, ko aka zuba man da bai dace ba, yakan fara ɓarɓashi, ɓarɓashin ya toshe rariyar da famfon mai ke zuƙa ta ciki. Wanda ya sayi irinsu na hannu ya sa a duba bel ɗin da rariyar tun makon farko, kada ya jira fitilar mai ta kama. Haka kuma injinan da ke fesa mai kai tsaye kawai sukan tara baƙin dauɗa a bayan bawul ɗin shigar iska, domin fetur ba ya bi ta kansu balle ya wanke su. Maganin da ake zubawa a tanki ba ya isa wurin, sai an buɗe an kankare.

Idan fitilar inji ta kama, a sa na'ura a karanta kafin a taɓa komai. Lambar P0299 tana nufin iskar da turbo ke turawa ta yi ƙasa, kuma sau da yawa tiyo ne ya tsage ko maɗauri ya saki, ba turbo ce ta mutu ba. In kuwa ta tabbata sai an canza ta, ko sabuwa ce ko ta Beljiyam daga Ƙofar Ruwa ko Panteka, a canza bututun da ke kai mata mai, a wanke na'urar sanyaya iskar da take turawa, a juye baƙin mai, sannan a ɗiga mai a cikinta kafin a tayar da inji.