Yadda ake kunna ƙwayar gadon GAL1 a jikin yisti

Yistin da masu burodi ke sa wa kwaɓin fulawa, Saccharomyces cerevisiae, ba ya ɓarnar ƙarfinsa. Ƙwayoyin gadon da yake cin sukarin galaktos da su a rufe suke har sai sukarin ya samu. Ga yadda ake kunna ɗaya daga cikinsu, GAL1, a ɗakin gwaje-gwaje.

Da farko a raini yistin a ruwan abinci mai sukarin rafinos kashi 2 cikin 100, a zafin digiri 30, ana girgizawa. Kada a kuskura a sa gulukos. Muddin akwai shi, furotin Mig1 zai danne GAL1, ko an zuba galaktos daga baya sai an sha jira.

Idan ruwan ya fara yin fari-fari, yisti na hayayyafa ke nan. A ɗebi kaɗan a ajiye don kwatance, sauran a zuba masa galaktos, shi ma kashi 2.

A nan ne aikin yake. Furotin mai kunnawa, Gal4, tun kafin zuwan galaktos yana maƙale da DNA, zaren da ƙwayoyin gado ke jere a kai, bibbiyu, a wani gurbi kusa da GAL1 mai haruffan DNA 17 da ake kira UAS, farkonsa CGG, ƙarshensa CCG. Sai dai wani furotin, Gal80, ya rufe masa ɓangaren da yake aiki da shi. Da galaktos ya shiga, sai furotin Gal3 ya kama sukarin tare da ATP, sinadarin da ke ɗauke da kuzari a ƙwayar halitta, ya riƙe Gal80, Gal4 ya sami sarari. Shi kuwa ba ya kwafar komai da kansa. Aikin sanƙira yake yi, kira kawai: ya janyo gungun furotin irin su SAGA da Mediator, a sassauta naɗin DNA, a zaunar da furotin TBP a gurbin DNA da ake kira TATA, sannan RNA folimares II, furotin mai kwafa, ya fara kwafar GAL1.

Bayan awa ɗaya ko biyu a auna mRNA na GAL1, wato kwafin da aka yi. Yana iya ninka na samfurin da aka ajiye har kusan sau 1,000.

A ganina gwajin bai cika ba sai an maimaita shi da yistin da aka cire wa GAL4, ƙwayar gadon da ke samar da Gal4, wanda GAL1 ɗinsa ba zai motsa ba, da wanda aka cire wa GAL80, mai samar da Gal80, wanda GAL1 ɗinsa tun a rafinos yake a kunne. In ana son kashewa, a zuba gulukos.