Giyar inji da bushin na roba: kurakuran da ke cinye su da wuri

Idan mai gyaran inji zai sayi sandar roba don ya sassaƙa bushin, wato zoben da sandar inji ke juyawa a cikinsa, tambayarsa ta farko ita ce, "Tana da ƙarfi?" Daga nan kuskure yake farawa, domin ƙarfi daban, jure gogayya daban. Nailan da aka cakuɗa da zaren gilashi kashi 30 cikin ɗari ya kusan ninka nailan zalla wajen ƙarfi. Amma ka ɗora shi a kan shaf (sandar da ke juyawa) na aluminiyam ko tagulla ka gani: da zarar saman robar ya ɗan ci, sai kawunan zaren su ɓullo su dinga kankarar shaf ɗin. Idan ka kwance, za ka tarar da baƙin gari da layi-layi a jikin ƙarfen, bushin kuwa lafiya lau. Ka ceci abu mai araha, ka kashe mai tsada. In dole sai mai gilashi, to shaf ya zama ƙarfe mai tauri.

Wasu kuma Teflon suke bi, tunda sun ji babu robar da ta kai shi santsi. Haka ne, tun 1938 da Roy Plunkett ya gano shi a kamfanin DuPont ake yabonsa a kan wannan. Sai dai shi kaɗai taushi gare shi, nauyi yana lotsa shi a hankali, kuma yana saurin cinyewa. Amfaninsa ya fi fitowa idan aka zuba kashi 15 zuwa 20 cikin nailan ko asetal (wata roba mai tauri da ake yin giya da ita): yana shafa wani siririn yaɓi a jikin shaf, robar ta koma gogar wannan yaɓin. Illarsa kuwa, ƙarfin haɗin yana ɗan raguwa, don haka kada a yi haƙoran giya mai ɗaukar kaya da shi ba tare da lissafi ba. Kada kuma a bar shaf da kaushi ko tsatsa, zai yayyage yaɓin kafin ya zauna.

Abin da aka fi mantawa da shi, a ganina, shi ne ruwa. Nailan na shan danshi, kimanin kashi 2.5 na nauyinsa a iska mai matsakaicin laima, har wajen kashi 8 idan ya jiƙe sharkaf, kuma yana kumbura. Bushin da aka auna cif-cif lokacin hunturu, yana iya riƙe shaf gam a watan Agusta. Ko dai a bar masa 'yar sarara, ko a koma asetal, wanda aka fi sani da Delrin, da shan ruwansa bai kai kashi 1 ba. A famfo da injin wanki, asetal ya fi kwanciyar hankali.

Zafi ma haka. Roba ba ta fitar da zafi yadda ƙarfe ke yi, kuma tana buɗewa fiye da shi sau da yawa. Nauyi da gudu tare ake lissafa su. Ka ƙara gudu, sai ka rage kaya. Asetal yana narkewa a wajen digiri 170, amma tun kafin nan ya yi laushi.

Giya biyu masu cizon juna kada su zama roba iri ɗaya. Asetal kan asetal ƙara yake yi, yana ci da sauri. Asetal kan nailan ya fi zama lafiya.

Masu niƙa tsohuwar roba su sake narkawa, su ma da nasu. Nailan da polifirofilin, robar bokiti da kujeru, kamar mai da ruwa suke. A ido sun haɗu, amma ka karya abin da aka zuba za ka ga yana ɓarewa falle-falle. Sai an tace kowanne daban, ko a sa sinadarin da ke ɗaure su, wanda galibi polifirofilin ne da aka liƙa wa maleik anhaidirayid.

Batun giris kuwa, a wurin da ƙura ke tashi yana tara yashi ya zama abin guga. Haɗin da ke da Teflon a ciki an yi shi ne ya yi aiki a bushe. A rufe shi daga ƙura ya fi a cika shi da giris.